Sautin da Bai Koma Gida Ba

Shekara talatin da ɗaya ina hawa benensa,
matakala saba'in da huɗu, ta biyar tana kuka,
jakar kayan aiki a hammata,
in ɗaure wa fiyanon Firmin Lacaze tsirkiyoyi.
Ni mai gyara ne kawai. Kunne aka ba ni, ba baiwa ba.

Tagarsa na kallon kogin Seine.
Damshi abokin gabana ne, shi kuwa amininsa.
Duk wata sai tsirkiya ta saki,
duk wata sai na ce a rufe tagar nan,
shi kuma ya ce, "Gaspard, in na rufe,
wa zai faɗa mini abin da zan rubuta?"

Yana ɗan sha tara makarantar kiɗa ta sallame shi.
Malaminsa ya ce kiɗa tafiya ce:
ka bar gida, ka sha wuya, ka komo,
mai sauraro ya yi ajiyar zuciya, ya tafa.
Firmin ya ɗauki hularsa ya fita,
sautinsa ya bi shi,
babu wanda ya komo a cikinsu.

Yakan danne maɓalli biyar lokaci guda,
ya taka matakin ƙasa, ya ƙyale su
su narke cikin juna
kamar sukari a gindin kofi.
Ban taɓa jin ya kaɗa ruwan sama ba.
Abin da rufin kwano ke yi bayan an ɗauke, shi yake kaɗawa:
ɗigo ɗaya daga indararo,
jira,
sannan wani.
Ƙararrawar coci ma ba bugunta yake so ba,
sai wutsiyar amonta in ta ƙetare ruwa ta gaji.

Wani ɗan jarida ya rubuta
wai hazon kogi ne aka ɗura a kwalba ana sayarwa.
Ya yanke shafin ya manna a bango.
"Wannan ya gane ni," in ji shi, "sai dai bai sani ba."

Bashi kam ya ci: na mai burodi, na mai gawayi, nawa.
Léonie tana gugar kayan mutane a ɗakin baya,
dutsen gugarta na huci,
shi kuma ya saci hucin ya sa a shafi na uku.
Ta ce da ya saci kuɗin haya da ya fi.

Shekarar yaƙi sanyi ya ci ƙashi.
Suka ƙona kujeru biyu da akwatin littattafai.
Na tarar da shi da safar hannu mai yankakkun yatsu,
igwa na ruri can gabas,
ya karkata kai ya ce,
"Ji, ita ma ta saki. Je ka gyara musu."
Dariyar ta zame masa tari,
tarin bai bar shi ba.

Zuwana na ƙarshe yana kwance.
Na kama wata tsirkiya can sama da ta ɗan kauce,
ya ɗaga yatsa daga cikin bargo:
"Bar wannan. Ta fi mu gaskiya."

Bayan an rufe shi Léonie ta sayar da fiyanon
ga wani mahauci mai 'ya'ya mata uku,
ta ba ni shafin ƙarshe a madadin bashina.
Layi tara ne. Na taran ya tsaya
kamar ƙafar da aka ɗaga a duhu
ana neman matakalar da babu.

Ran nan a gidan mahaucin, ba kowa a falo,
na kaɗa layin taran,
na ƙara masa sauti ɗaya na kai shi gida.
Ya zauna daram. Ya yi daɗi ma.
Sai kunya ta kama ni
kamar na rufe tagar.